Waifa Biyu a Jakar Alƙali

Ni dai ba ni da mota. Gara in faɗa tun da wuri, don in kuka ji yadda nake zuba a kan motoci sai ku ɗauka gareji uku gare ni. Wadda na taɓa mallaka, guda ɗaya tak, na sayar da ita shekara ashirin da shida da suka wuce, tun daga ranar kuwa bas nake shiga kamar kowa. Amma ba a taɓa yin bikin tsofaffin motoci a yankinmu an rasa ni ba. Troyan, Gabrovo, Lovech, har ƙauyen da motoci bakwai kacal ake jerawa a bayan makaranta, za ka tarar da ni tun kafin masu motocin su iso, rataye da tsohuwar jakata ta fata. A ciki akwai fulas ɗin shayi, da littafin gyaran Lada wanda bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi, da gilashin nan mai ƙara girman abu, wanda ya biyo ni gida daga ofis ranar da na yi ritaya.

Aikina a da duba ma'auni ne a kasuwa. Shekara talatin ina ɗora ƙarfe a kan sikelin masu nama da masu cuku ina gaya musu sun yi ƙwange. Wanda ya saba da wannan ba ya warkewa. Sai in tsaya a gaban motar bawan Allah da ya yi mako guda yana goge ta, in zagaya ta sau biyu hannuwana a baya, in yi gyaran murya in ce, "Ta yi kyau. Sai dai madubin nan ba nata ba ne." 'Yan ƙungiyar masu tsofaffin motoci suka laƙaba mini Sufeto. Na kai shekara biyar ina amsawa ina hura hanci, kafin matata Velichka ta zaunar da ni ta fahimtar da ni cewa ba yabo ba ne.

Kada dai ku ɗauka neman aibu ke kai ni. Ina son motocin nan, so na gaske. In na ga baƙar Volga tana ƙyalli a rana, ko Moskvich ruwan toka da ɗan labule a gilashin baya, sai in tsaya in yi ta kallo ba na ƙoshi. Ni kuma ban iya cewa abu ya burge ni ba, sai in ce notin nan ba na asali ba ne.

Abin da na shekara tara ina hanƙoro kuwa riga ce. Riga marar hannu, koriya shar, an rubuta ALƘALI a bayanta. Mutum uku ke sa ta a kowane biki, su ke zagayawa da takarda suna ba da maki, kuma in suka ce madubi ba na mota ba ne, ba wanda ke juya musu baya yana ƙyafta wa abokinsa ido.

"Nedyalko," in ji Velichka, "rigar nan fa irin ta masu sharar titi ce."

"Ta masu shara ruwan lemo ce."

"Au, haka ne? To a gafarce ni, ranka ya daɗe."

A farkon watan Mayu sai ga wayar Injiniya Parvanov, shugaban ƙungiyar. Ɗaya daga cikin alƙalan ya koma Varna wurin 'yarsa, ana neman wanda zai cike gurbinsa a bikin garinmu, Sevlievo.

"Gwaji ne fa, Sufeto," ya ce. "In ranar ta wuce lami lafiya, rigar ta zama taka. Amma don Allah ka rage wa'azi."

Na ce masa ni ban san ina wa'azi ba. Na yi masa bayanin hakan na kusan minti goma sha biyar.

Ranar bikin, wata Asabar, gari ya waye fes. Kafin ƙarfe tara motoci sun fi hamsin a dandali, an jera su shekara shekara, hayaƙin masu gasa naman kebapche ya gauraya da warin fetur. Aka miƙo mini rigar a cikin leda. Ta ɗan matse ni a ciki, amma na riƙe numfashi na ɓalla ta, na rataya jakata a kai, na shiga taku kamar wanda aka ba wa garin.

Mutum na farko da na nufa don ya gan ni shi ne Rangel. Rangel aminina ne tun muna aikin soja, yau fiye da shekara hamsin. Kowane biki yana kafa tebur a gefe, ƙarƙashin bishiya, ya baza tsofaffin kayan mota: fitilu, fulogi, murfin taya, hannun ƙofa. A zamanin da shi ne mai kula da sito a garejin bas, kuma a lokacin duk wanda motarsa ta rasa wani abu ya san ƙofar gidan Rangel. Ba a tambayarsa inda ya samo. Ni kaina kafireto biyu na karɓa a hannunsa ban tambaya ba. Garin nan kaf ya ci moriyarsa, amma har yau in abu ya ɓata, wajensa idanu ke fara zuwa.

Yana hango ni ya dafe ƙirji.

"Kai! Wa nake gani haka? Ƙadangare ya sami riga!"

"Ka iya bakinka, kana magana da hukuma."

"Hukuma, zo ka tsaya nan kusa da tebur ka riƙa kore mini ƙuda. Juya in gani." Na juya. Ya karanta bayan a hankali, harafi harafi, sannan ya buga mini kafaɗa. "Ta yi maka kyau, Nedyo. Ka daɗe kana so. In an tashi akwai kwalbar barasar rakiya a mota, za mu wanke ta."

Daga wurinsa na wuce, sai na gan ta. Lada ce ta shekarar saba'in da tara, ruwan gwaiduwar ƙwai, irin tawa sak, har da kujeru masu launin ƙasa. Na tsaya cak. Mai ita wata likitar haƙori ce, Bilyana, 'yar wajen shekara arba'in, motar kakanta ce ta yi shekara huɗu tana gyarawa, kuma yau ne karon farko da ta fito da ita. Ta ajiye ta a layin da ba nata ba, Parvanov ya ce ta mayar da ita layin shekarun saba'in, inda wuri ɗaya ya rage, matsattse, tsakanin wata Volga da tukunyar furanni ta siminti. Ga shi kuma ana kiran ta a teburin rajista.

"Kawu Nedyalko," ta ce, "an ce ka yi shekara goma sha tara da irinta. Ni in na kalli Volgar can tsoron gogar ta nake ji. Ka taimaka ka saka mini ita mana."

Ta miƙo mini mukulli ta tafi. Alƙalin kirki da cewa zai yi bai dace ya taɓa motar da zai ba wa maki ba. Ni kafin ta kai teburin har na zauna na rufe ƙofa.

Warin ne ya fara kama ni, warin kujera da ta sha rana da ɗan fetur. Sitiyarin nan siriri ya zauna a hannuna kamar jiya na sake shi. Na murza mukulli, ta amsa. Tafiyar duka ba ta wuce taku talatin ba, amma a cikinta na je teku na dawo: Velichka a gefena da gashinta baƙi, tanti a ɗaure a kan rufi, kwalaben barkono suna ƙara a but, 'yarmu tana barci a baya. Shekara tara na yi a layi kafin a ba ni tawa motar, kuma ban taɓa jin ni wani ne ba kamar ranar da na shigo da ita unguwa. Na saka giyar baya na zura ta tsakanin Volga da tukunya a karo ɗaya. Da na kashe inji sai na ji idanuna sun cika da ruwa.

Na fito ban san a wace shekara nake ba. Na kulle ƙofa, na bi sauran ukun na jijjiga su ɗaya bayan ɗaya. Abin da hannuwana suka yi bayan wannan ban sani ba sai bayan awa biyu, amma ku zan gaya muku tun yanzu. Duk wanda ya kai shekaruna ya san ba a barin waifa, robar nan mai share ruwa, a kan gilashi. A zamanin ba ka samun ta a kanti ko za ka mutu, in ka bar taka a waje kuwa ka yi sadaka da ita. Saboda haka in ka tsaya, ko burodi za ka saya, sai ka cire su ka tafi da abinka. In ruwa ya sauko, titi gaba ɗaya ke tsayawa, direbobi su fito a guje kowa na maƙala tasa. Shekara goma sha tara ina yin haka sau biyu, sau uku a rana. To na ɗaga, na danna, na zare, dama da hagu, na zura su a jakata kusa da fulas, na rufe. Sandunan da ake maƙala su suna nan kwance a kan gilashi, ba mai lura sai ya matso. Na je na kai wa Bilyana mukullinta, har ina ba ta shawara a kan kuloci.

Ƙarfe goma muka fara zagaye, ni da sauran alƙalan biyu. Na yi ƙoƙari, wallahi na yi ƙoƙari. Na rage wa'azi ya dawo kamar rabi. Wajen sha ɗaya da rabi muka iso kan motar Bilyana, tana tsaye a gefe ta haɗa hannu kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Na zagaya sau biyu. Na duba fitilu, na duba bamba, na leƙa inji. Ba abin da zan ce, abin har ya fara damuna. Sai idona ya sauka a kan gilashin gaba, na ji wani daɗi ya ratsa ni.

"'Yata," na ce da ƙarfi yadda na baya za su ji, "aiki ya yi kyau. Sai dai mota ba ta zuwa gaban alƙali ba waifa. Maki biyar sun tafi."

Ta matso ta duba. Na ga jinin fuskarta ya ɗauke.

"Suna nan da safe," ta ce. "Da hannuna na saka su. Na asali ne, Kawu, na kakana ne. A cikin durowarsa na same su bayan ya rasu, a naɗe cikin safa."

Mutane suka taru. Aka leƙa ƙarƙashin mota, aka duba but, aka duba bayan tukunyar furanni. Parvanov ya iso yana share zufa. Ni kuwa, mai waifa biyu rataye a kafaɗa, na ga dama ta samu.

"Wannan abin kunya ne!" na ce. "A tsakiyar gari, da rana tsaka! Mu a zamaninmu ko ƙofa ba ma kullewa." Ni na faɗi wannan, ni da nake jijjiga ƙofa huɗu. "Wanda ya yi wannan ba baƙo ba ne. Ya san darajarsu, ya san yadda ake zare su. Hannun gwani ne. Irin wannan mutum bai kamata a sake barin sa ya tako wurin nan ba."

Ban ambaci sunan kowa ba. Amma ina cewa hannun gwani, sai na ga kawuna suna juyawa a hankali zuwa ƙarƙashin bishiya. A kan teburin Rangel akwai waifa kusan goma a ɗaure da igiya.

"Sufeto," in ji Parvanov ƙasa ƙasa, "kai ka san na asali. Zo ka duba mana, don a fitar da shi daga zargi."

Muka tafi, jama'a na biye. Rangel na zaune a kan kwali yana cin 'ya'yan sunfulawa yana tofar da ɓawon. Bai tashi ba. Ya kalli taron, ya kalle ni, ya tura mini ɗaurin waifa da yatsa ɗaya.

"Duba, hukuma. Ka duba da kyau."

Na asali suna da ɗan tambari ƙarami a gefe, sai da gilashi ake ganin sa. Na buɗe jakata in ɗauko gilashina.

Ga su nan. Kwance kusa da fulas, su biyu, suna ƙyalli.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon cikin jakar ba. Na ji kamar an kwara mini ruwan sanyi tun daga ƙeya har dunduniya. A take na tuna komai, ɗagawa, dannawa, zarewa. Abin da ya kamata in yi a fili yake, ko jariri ya sani: in zaro su in ɗaga sama in ce jama'a ku zo ku ga tsohon banza. Amma rigar tana jikina, awa biyu da rabi kacal da na sa ta, kuma yanzun nan na gama cewa a kori mai hannun gwani. Na rufe jakar.

"Na manta gilashin a gida," na ce.

Na ɗauki waifan Rangel ina jujjuya su a rana ɗaya bayan ɗaya. Sannan na faɗi maganar da har gobe in na tuna ta nake jin ɗaci a bakina.

"Waɗanda ke kan tebur dai ba su ba ne."

Kun ji wannan "dai" ɗin? Kowa ya ji ta. Wani ya kalli kwalayen da ke ƙarƙashin teburin, wani ya kalli motar Rangel da ke tsaye a baya. Parvanov ya ja shi gefe, amma ba gefen da ba za a ji ba, ya ce ba wanda ke zargin kowa, sai dai don zaman lafiya gara ya tattara kayansa, maganar tebur a bikin gaba kuma sai kwamiti ya zauna. Rangel ya miƙe daga kan kwalinsa. Ya zuba sauran 'ya'yan sunfulawar a aljihu, ya fara kwance igiyar rumfarsa.

Aka tafi hutun cin abinci. Na sami Velichka a kan benci kusa da famfon dandali, ta shimfiɗa takarda ta ɗora banitsa, gasasshen ƙullin nan mai cuku a ciki. Tana ganin fuskata ta ajiye wuƙa.

"Wa ya mutu?"

Na zauna, na buɗe jakar na nuna mata. Ta leƙa. Ta kalle ni, ta sake leƙawa. Sai ta kama dariya, irin wadda ba ta da sauti, kafaɗunta na rawa, hawaye na zuba, tana dukan cinyata.

"Wayyo cikina! Hannun gwani! Tun daga nan na ji ka, Nedyalko. Hannun gwani!"

"Ki rage murya, don Allah."

Ta share ido da bayan hannu. Sai ta hango Rangel can yana naɗe rumfa, dariyar ta tsaya.

"Shi fa?"

"Zan gyara. In mutane sun ragu zan zura su ƙarƙashin motar, a ce faɗuwa suka yi."

"Sau nawa aka duba ƙarƙashin motar?"

"Uku."

"To sai a ce Rangel ya ji tsoro ya dawo da su." Ta yanka banitsa ta miƙo mini. "Ci. Ƙarya ma sai da ƙarfi."

"Velichka, shekara tara fa."

"Na sani. Ni ce nake guge maka wando kowace Asabar." Ta ci gaba da cin abincinta, ba ta ƙara kallo na ba.

Duk da haka sai da na gwada, don ku san irin mutumin da ke ba ku labari. Na zagaya ta bayan Volga, na durƙusa kusa da tayar Lada da gwiwoyina masu ƙara, na fara lalubar bakin jaka. Sai na ji hannu a kafaɗata. Bilyana ce, idanunta sun yi ja.

"Tashi, Kawu, kada ka ji wa kanka ciwo. Mun duba nan." Ta kama ni ta miƙar, ta kakkaɓe mini gwiwa. "Kowa ya tafi cin nama, kai kaɗai ka damu. Na gode. Kakana da zai so ka."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce mata ba komai, aikina ne.

Ƙarfe biyu aka taru don raba kyaututtuka a gaban ɗan dandamali. Volga ta ci na ɗaya. Motar Bilyana ta zo ta huɗu, maki biyar ɗina ne suka hana ta hawa. Sannan Parvanov ya ɗauki makirfo ya ce duk da abin takaicin da ya faru, yana so ya yaba wa sabon alƙali, wanda idonsa ne ya fara gano ɓarnar, kuma daga yau kwamiti ya tabbatar da shi. Aka tafa. Ya miƙo mini makirfo ya raɗa mini, "A taƙaice."

Abin da na shekara tara ina jira ke nan. Har jawabi na tanada, na yi ta maimaita shi a gaban madubin banɗaki. Na buɗe baki, sai na hango ta saman kawunan mutane Rangel ya rungumi kwali yana tafiya wajen motarsa, a ɗan karkace saboda ƙugunsa da ke damun sa. Ba wanda ya taya shi. Mutumin da ya ɗauke ni a bayansa kilomita huɗu a cikin ƙanƙara lokacin da na karye a soja.

"Suna jakata," na ce.

Lasifika ta kai maganar har bakin titi. Na buɗe jakar, na zaro su, na ɗaga sama, ɗaya a kowane hannu, makirfo a hammata.

"Ni na cire su. Da na ajiye motar. Ban san na yi ba."

Sai mai Volga, wani tsoho da ya girme ni, ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi.

"Hannu ne!" yake ihu. "Hannu bai manta ba!"

Tsofaffin wurin suka ɗauka gaba ɗaya. Wata tsohuwa tana cewa mijinta ya yi haka da motar amarya ranar bikin 'yarsu. Wani yana nuna wa jikokinsa da hannu yadda ake zarewa. Masu ƙananan shekaru suna kallon mu kamar mun zare. Har Parvanov yana murmushi yana girgiza kai. Na ji numfashina ya dawo. Na ce a raina ashe abin ma zai zama abin alfahari, rigar ta tsira. Na rantse har na fara ɗan rusunawa ina karɓar tafi.

Bilyana ta hawo ta karɓi waifanta. Ta duba su, ta rungume su a ƙirji, tana dariya tana hawaye. Sai ta ɗago, ba da wata manufa ba, ta yi tambayar da kowa zai yi. Makirfo na nan kusa da bakinmu.

"Kai, Kawu! Yaushe ka gan su?"

Kalma ɗaya ce tsakanina da rigar. In ce yanzu, shi ke nan. Ba wanda zai bincika. Velichka tana gaba ta harɗe hannu tana kallo na. Rangel ya ajiye kwalinsa a ƙasa, ya juyo.

"Tun ɗazu," na ce. "Lokacin da na buɗe jakar a gaban teburin Rangel. Gilashina ma yana ciki."

Dariyar ta mutu daga gaba zuwa baya, layi layi. Bilyana ta ja da baya taku ɗaya, ta kalli gwiwata da ta kakkaɓe mini. Mai Volga ya sunkuya ya ɗauki hularsa ya daɗe yana karkaɗe ta. Parvanov ya karɓi makirfo ya kashe, sannan ya miƙo ɗayan hannun, a buɗe. Na fahimta. Maɓallin ya ƙi ɓalluwa saboda matsewar da rigar ta yi, sai da na riƙe numfashi a gaban mutum ɗari biyu kafin ta fita. Ya ninke ta ya mayar cikin ledarta, ya sauka ya nufi wajen Rangel. Na gan shi yana magana yana dafa ƙirji, Rangel yana gyaɗa kai kawai.

Na jira sai da mutane suka watse, motoci suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Sannan na ja ƙafa na je ƙarƙashin bishiyar. Saura kwali uku. Rangel bai ɗago ba.

"Rangel."

"Na'am, hukuma."

"Ba hukuma yanzu."

"Na gani. Da ma ta matse ka." Ya ɗaga kwali ya ɗora a gwiwa. "Amma gaskiya ka iya, Nedyo. Ɗaga, danna, zare, ko numfashi biyu ba ka yi ba. Har daɗi na ji, na ce tsohon nan bai lalace ba."

Na tsaya ina kallon sa.

"Ka gan ni?"

"Daga nan ina zaune. Ai motar a gabana take."

"Tun da safe ka sani? To me ya hana ka faɗa? Suna kallon ka kamar ɓarawo, an ce ka tattara kayanka, ka yi shiru?"

Ya dube ni sosai, kamar na tambaye shi abin da bai da ma'ana.

"In tona ka a gaban mutane, ranar da ka fara sa rigarka?" Ya gyara riƙon kwalin. "Na ce ai da ka buɗe jakar za ka faɗa da kanka."

Ya wuce ni da kayansa, a karkace, ya tsaya a bayan motar.

"Riƙe mini ƙofar nan, iska na rufe ta."

Na riƙe ƙofar. Ya loda kwalayen ɗaya bayan ɗaya har ya gama, ni kuwa ban iya ɗaga ido na kalle shi ba.